Amin Ɗin Baba

Norbury, Connecticut
23 ga Yuli, 1776

Zuwa ga ƙanena Abijah,

Gaisuwa mai yawa daga yayarka, tare da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya zafin New York, yaya hidimar soja? Ina fata ciwon cikin da ka ce ya addabi sansaninku bai iso kanka ba. Mu nan jiki lafiya, sai kewarka. Na ba Dattijo Hoyt mai amalanke safa da cuku ya kawo maka. In ka ga gefen cukun a gutsure, ka san cikin da gefen ya shiga.

Yanzu ga abin da ya sa na bar wanki a baho na zauna rubutu da rana tsaka.

Ka dai ji an karanta takardar Philadelphia a dandalin gari, wadda ta ce daga yau mu ba talakawan Sarkin Ingila ba ne. Na je, har na yi ihu tare da jama'a, ni da nake hana ka ihu a cikin gida. Ka san ba yau na shiga wannan magana ba. Shekara uku rabona da shayi, ina fama da jiƙon ganyen lambu mai ɗanɗanon ciyawa, yatsuna duk sun yi kanta wajen kaɗi don kada mu sa yadin Ingila. Mutanen da ba su taɓa ganin garinmu ba su zauna a majalisarsu a London su yanka mana haraji, babu ko mutum ɗaya namu a cikinsu, in mun buɗe baki su turo soja su rufe tashar jiragen Boston, yara su kwana da yunwa. Wa zai yarda da wannan? Ko Baba ai bai yarda ba. Kai shaida ne, duk ranar da ya tuna dokar da ta hana shi ƙetarawa da hulunan da ya yi da hannunsa ya sayar a New York, don kawai masu hula na London su ci kasuwa, sai ya doki teburin aiki. Sai dai shi a wurinsa majalisa ce azzaluma, Sarki kuwa ba a gaya masa gaskiya ne.

A dandalin, da Baba ya ga bakunan mutane a wage, shi da ba ya ji, ya miƙo mini allon da muke rubuta masa magana ya ce me ake ciki. Na ɗauki alli, na dubi fuskarsa, sai na rubuta masa cewa labarin yaƙi ne. Na ce a raina in mun koma gida zan yi masa bayani a tsanake. Har Lahadi ta zo ban yi ba.

Ashe Kwamitin Tsaro na gari ya aika wa Rabaran Whitlock cewa duk wanda ya ƙara karanta addu'ar Sarki a coci, abokin gaba ne. Shi kuwa Rabaran ya rantse a gaban bishof ba zai sauya ko harafi ɗaya na Littafin Addu'a ba. Sai ya nemo dabara: in an zo wurin zai yi shiru daidai tsawon addu'ar, bai karanta ba, bai kuma tsallake ba. Kowa a cocin ya san da shirin, har da mutum shida na Kwamiti da suka tsaya a bakin ƙofa da bindigogi. Mutum ɗaya aka manta a gaya wa.

Ka san yadda Baba yake aikinsa tun da kunnensa ya mutu. Shekara arba'in da ɗaya yana magatakardan coci, shi ke jan jama'a su amsa Amin. Ba ya jin Rabaran, ba ya kuma ganin bakinsa tunda baya yake ba shi. Da katakon ƙasa ya motsa ya san Rabaran ya durƙusa, sai ya riƙa bin addu'o'in a zuciyarsa ɗaya bayan ɗaya, yana sakin Amin a gurbinta. Kai ne sarkin dariya duk ranar da ya riga Rabaran da kalma biyu.

To aka zo wurin. Cocin ya yi tsit, har ana jin ƙuda a jikin taga. Ina ta godiya a raina za a wuce lafiya. Can sai muryar Baba, irin ta mutumin da ba ya jin kansa, ta cika ɗakin har rufi.

"Amin!"

Tsofaffin mata uku suka bi shi don sabo, sannan suka toshe bakunansu. Na waiwaya na ga Kyaftin Thorp, maƙwabcinmu mai gidan niƙa, wanda yanzu shi ne shugaban Kwamiti. Ya kifa hularsa, wadda Baba ne ya yi masa ita bara, ya fita, sauran suka bi shi. Baba kuwa ya dawo gida cikin fara'a, ya ci wake da naman alade har da ƙari, yana cewa yau Rabaran bai ja addu'a ba.

Bayan ya gama na cika allon gaba da baya na faɗa masa komai. Ya karanta, ya shafe da hannun rigarsa, ya tashi ya shiga shagonsa duk da ranar Lahadi ce, ya zauna bai taɓa komai ba. Tun daga ranar mutum biyu sun zo sun karɓe fatun da suka ba shi aiki. Ban san abin da Kwamiti zai yi ba, kuma tsoro nake ji, Abijah. Ka rubuto da wuri.

Allah ya tsare mini kai.
Yayarka,
Keziah

Norbury
10 ga Agusta, 1776

Ƙanena Abijah,

Ina gaishe ka da kyau, ina tambayar lafiyarka da ta abokan aikinka. Takardarka ta iso, na ji daɗi da safar ta yi maka daidai. Na ga kuma har ka ce ka yi dariya sai da hawaye ya zubo maka, abokanka suna ta sa ka maimaita labarin. Ku yi ta dariyarku, ku da kuke da bindigogi. Mu nan ba wanda ya dara.

Ka ce abu mai sauƙi ne, Baba ya ce kuskure ne a wuce wurin. Auta, kamar ba a gidan nan ka tashi ba.

Rabaran Whitlock ya garƙame cocin ya tafi wajen surukansa, ya bar mu da abin da shirunsa ya haifa. Kwamiti ya aiko da takarda. Suna so Baba ya sa hannu cewa ya janye Amin ɗinsa, ya kuma raba gari da Sarki. In bai sa ba, za su zauna a kansa farkon Oktoba. Ka san inda suke kai waɗanda suka kira Tori, masu bin bayan Sarki: ko ramin ma'adinan nan da aka mayar kurkuku, ko a kore su daga gari. Mutum mai shekara saba'in da huɗu, wanda bai taɓa kwana uku a wajen Norbury ba.

Na ajiye masa takardar da alƙalami a kan tebur, na rubuta masa shawararka. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce:

"Kuskuren me? Addu'ar na yi ta a zuciyata, Amin ɗin kuma nawa ne. Shekara arba'in ina faɗinta da gaske, yau in tashi in ce da wasa nake?"

Na rubuta masa maganar haraji, da Boston, da mutanen da sojojin Sarki masu jajayen riguna suka harbe a Lexington, da kai kanka da kake kwana a ƙasa saboda wannan Sarkin. Ya ce shi bai ce Amin ga harajin shayi ba. Roƙo ya yi Allah ya shiryi mutumin, kuma in akwai mai buƙatar addu'a a duniya yanzu ai shi ne. Na ci gaba da rubutu har allin ya karye. Daga nan sai ya rufe idonsa. Ka san in ya yi haka an gama, babu ta inda magana za ta shiga masa. Na tsaya a kansa ina ta faɗa da ƙarfi, shi yana zaune ido a rufe, har na gaji na koma kicin na yi kukana.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san Baba bai yi daidai ba, na kuma san bai yi ƙarya ba. Matan da muka yi shekaru muna taron kaɗi tare yanzu in sun hango ni sai su tsallaka hanya. Lois matar Kyaftin Thorp ce kaɗai ta leƙo ta katangar lambu jiya. Ta ce mijinta ba ya son a taɓa Baba, amma ba shi kaɗai ne Kwamiti ba, yana neman abin da zai riƙe ne ya nuna wa sauran. Ta ce ba abin da zai yi nauyi kamar takarda daga ɗan da yake bakin daga.

Don haka ka saurare ni da kyau. Ka rubuto wa Kwamiti, da sunan Kyaftin Thorp. Kada ka tsaya yabon Baba, kowa ya san shi mutumin kirki ne, ba wannan ake tambaya ba. Ka ce ya tsufa, ka ce tun rasuwar Mama hankalinsa ya fara gushewa, yana maimaita abin da ya saba ba tare da ya san me yake faɗa ba. Ka ce ya koma kamar yaro, a yi masa uzuri irin na yaro. Wanda ba shi da hankali ba a neman sa hannunsa, ka ga mun tsira ba tare da ya janye komai ba. Na san ƙarya ce, mutumin da har yanzu yake gyara mini kuskuren rubutu a allo. Amma da baki za a karanta takardar a gaban taro. Zai zauna yana kallon bango, ba zai taɓa sanin abin da ke ciki ba.

Ka yi wannan saboda ni. Baba yana gaishe ka, ya ce ka riƙa cire hularka in ta jiƙe ka shanya ta a inuwa, ba kusa da wuta ba.

Taka,
Keziah

Norbury
6 ga Satumba, 1776

Abijah ƙanena,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Kwana tara muka yi ba mu san ko kana raye ba, tun da labari ya zo an fatattake ku a Long Island. Kullum Baba yana tsaye a mararraba tun safe yana jiran amalanken Hoyt, mutane suna wucewa ba mai ɗaga masa hannu. Jiya Hoyt ya ce ya gan ka da idonsa, ƙafa a kumbure amma a tsaye. Yaya ƙafar? Ka jiƙa ta da ruwan gishiri, kada ka yi mini jarumtar banza.

Hoyt ɗin ne ya kawo takardar da ka rubuta kafin yaƙin. Ka ce hannunka ba zai iya rubuta wannan magana a kan Baba ba. To madalla da hannunka. Bari in gaya maka abin da ke faruwa a nan yayin da hannunka yake jin kunya.

Garin ya canza. Samari goma sha ɗaya suka tafi daga Norbury, huɗu ba a san inda suke ba, ciki har da Reuben ɗan Kyaftin Thorp. Lois ta daina leƙowa, ban kuma ga laifinta ba. Yanzu in an hau tudu ana hango jiragen Sarki a ruwa, kowa a tsorace yake, mai tsoro kuwa neman wanda zai huce a kansa yake yi. Shekaranjiya da safe na buɗe ƙofa na tarar da tukunyar kwalta da buhun gashin kaji a dokin ƙofa, irin waɗanda ake shafe Tori da su a zaga gari da shi. Ba su yi komai ba, sun ajiye ne kawai mu gani. Na ja su bayan rumbu kafin Baba ya fito. Yara suna binsa a hanya suna ihun Amin, shi kuma yana ganin bakunansu yana murmushi, yana tsammanin gaishe shi suke yi.

Na je wurin mutum uku na Kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ya ce a gaya mini ba ya nan alhali ina jin tarinsa. Ɗaya ya ce ni mace ce, ba a karɓar shaidata a irin wannan. Na ukun ya tambaye ni in da gaske mu ba Tori ba ne, me ya hana sojan gidan namu ya yi magana? Na ja mayafina na koma gida.

Ba ni da kowa sai kai, ba ni da wata dabara sai wannan. Ni nake nan, ni na san abin da zai yi aiki. Na rantse maka ba zai ji ba, ba zai gani ba. In akwai zunubi a ciki, a wuyana yake. Ka rubuta yadda na faɗa maka, kada ka rage kalma ɗaya, ka ba Hoyt kafin ya juyo.

Yayarka mai jiranka,
Keziah

Norbury
9 ga Oktoba, 1776

Ƙanena, Autan Mama,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa ƙafarka ta warke, ya kuma ba ku mafaka kafin sanyi ya sauka. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Takardarka ta iso a kan lokaci, ka kuma rubuta ta yadda na ce, ba ka rage komai ba. Ranar Alhamis Kwamiti ya zauna a benen masauƙin baƙi, ɗakin cike har matakala. Aka ba Baba kujera a tsakiya, ni ina gefen bango. Kyaftin Thorp ya rame sosai, har yau ba labarin Reuben. Ya buɗe takardarka ya karanta da ƙarfi tun daga farko har sa hannunka. Baba yana zaune da hularsa a gwiwa yana kallon taga, kamar yadda na ce maka zai yi. Na ga fuskoki suna saki. Mutumin nan da ya ɓuya mini ma ya ce a bar tsoho ya tafi gida, wa zai yi shari'a da wanda bai san hagu da damansa ba. Har na fara jan mayafina zan tashi.

Sai Kyaftin Thorp ya ɗaga hannu. Ya ce cikin abubuwan da suka sa muka ɗauki bindiga har da yadda ake yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa, bai ji abin da aka faɗa a kansa ba. Ya ce ba don ya yi irin wannan ya ba da ɗansa ba. Tunda wanda ake tuhuma ba ya ji, to a ba shi ya karanta da kansa.

Na miƙe na ce ba sai an wahalar da shi ba, idonsa ba shi da ƙarfi.

"Zauna, Keziah," in ji shi. "Haƙƙinsa ne."

Ba da mugunta ya yi ba, Abijah, adalci ya yi. Da hannunsa ya kai masa takardar. Ina kallo Baba ya sa tabarau, ya karanta har ƙasa, ya koma sama ya sake. Ba abin da zan iya yi, ko allon ba ya hannuna. Da ya gama ya ninke ta a hankali ya ce, da wannan muryar tasa da ake ji har titi:

"Rubutun Abijah ne. Ni na koya masa."

Ya dafa kujera ya tashi. Ya ce tunda ana shakkar hankalinsa, bari jama'a su auna da kansu. Ya fara addu'ar Sarki tun daga kalmar farko, da sunan Sarkin da komai, har da wurin da ake roƙa masa nasara a kan maƙiyansa, a gaban iyayen da 'ya'yansu ba su dawo ba. Mutane suka yi ca, wasu suna buga benci, shi bai ji ba, bai kuma yi tuntuɓe a kalma ɗaya ba. Da ya kai ƙarshe sai ya tsaya. A rayuwarsa bai taɓa zama mai karantawa ba, shi mai amsawa ne, sai ya tsaya jiran wani ya amsa masa. Ya bi ɗakin da kallo har idonsa ya sauka a kan bakina. Ban amsa ba. Tsoro ya hana ni, ban kuma yarda da addu'ar ba, ban san wanne ya fi ƙarfi a cikinsu ba.

Saboda shekarunsa ba su kai shi ramin ba. Sun ba shi mako guda ya bar gari, wani ƙaramin jirgi zai tsallakar da shi Long Island, wurin sojojin Sarki. Ni ba su kore ni ba, amma ka gaya mini yadda kurma mai shekara saba'in da huɗu zai sauka a baƙon wuri shi kaɗai. Zan bi shi. Ni da na yi ihu a dandali, gobe war haka ina cikin Tori, ina neman alfarma a wurin mutanen da suka harbe ku.

Gidan sun bar shi da sunanka saboda kana soja. Makulli yana wurin Lois. Saniya na ba Hoyt ya riƙe. Kada ka nemi aiko mana takarda can, in aka kama ka kana rubutu da tsallaken ruwa rataye ka za su yi. Wannan ma in ka karanta ka ƙone ta.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa tun safe nake ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Tun ranar Baba bai yi maganarka ba sai jiya. Muna ɗaure kaya ya kama hannuna, ya dubi fuskata sosai, ya ce:

"Ke kin san zai rubuta haka?"

Na girgiza kai, Abijah.

Na ce maka zunubin a wuyana yake, da lokacin ɗauka ya zo sai na bar maka shi. Gobe da safe akwai katako siriri tsakanin gaɓa da jirgi, ƙafarsa tana rawa, dole ya riƙe hannun wani ya hau. In ya san gaskiya ba zai riƙe nawa ba, kuma babu wani hannun. Ina gaya wa kaina zan faɗa masa in mun sauka, in ya huta, in an samu ɗaki. Ka san ni, na kuma san kaina. Wataƙila ya mutu yana ganin ɗansa ne ya kira shi marar hankali a gaban gari, alhali kai ne ka ce hannunka ba zai iya ba.

Ba na ce ka yafe mini ba. So nake dai a samu mutum ɗaya a duniya, ban da ni, da ya san ba kai ba ne.

Allah ya tsare ka, ya mayar da kai gidanka lafiya.
Yayarka,
Keziah